Tuffa a Gindin Magarya

Ɗana, na ga hoton da ka aiko mini a waya, na kuma sa ƙanwarka ta kunna mini bidiyon har sau biyu, domin idon nawa yanzu sai a hankali. Tuffa ce ja wur mai ɗigo-ɗigon fari a jiki, ana yanka ta ruwa yana tsartuwa. Ka ce wani ya yi maka alkawarin dashe hamsin na wannan sabon iri, kana son ka sayar da ragunanka biyu ka saya, ka dasa a 'yar fadamar da mahaifinka ya bar muku a bayan dam ɗin Kazaure. Tun da ka nemi shawarata zan faɗa maka abin da na sani, sauran kuma tsakaninka da zuciyarka. Ban ce ka fasa ba. Ka dai ɗaure ragunan nan tukuna, ka ƙara musu harawa, ka ba ni aron kunnenka.

Sha'awar da ta kama ka ta taɓa kama ni. Farkon shekarun da na fara aikin malamin gona, wani abokina ya kawo mini tsarabar tuffa guda uku daga Kano. Na ci, na tsince 'ya'yan cikin, na shuka su a gwangwanayen madara na jera a gindin randa. Biyu suka fito. Ɗaya ta mutu tun tana ganye huɗu, ɗayar kuma na mayar da ita bayan ɗaki, na kewaye ta da ƙaya, ina ba ta ruwa safe da yamma kamar mai jinyar ɗan fari. Shekara biyar tana tsaye kamar sandar makiyayi. In bazara ta yi, gefen ganyen ya ƙone ya nannaɗe. In damina ta sauka, ta ɗan farfaɗo ta yi toho biyu ko uku a ƙoli. Ko fure ɗaya ban taɓa gani a jikinta ba. Ƙarshenta gara ce ta raba mu, kuma ban yi mata kuka ba. Sai daga baya na gane kuskure biyu na tafka a lokaci guda, kuma su biyun ne suke jiran ka a bakin fadamar nan.

Na farko ya shafi iri. Mu manoman gero mun saba da cewa in ka zaɓi zangarniya mai kyau ka rataye ta a rumbu, baɗi za ta ba ka mai kama da ita. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ita tuffa ba ta san wannan magana ba, tata ita ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Furen yawancin tuffa ba ya karɓar garin namijin bishiyarsa, sai ƙudan zuma ya ɗebo na wani iri dabam ya kawo masa. Saboda haka kowace ƙwaya da ke cikin tuffa ɗa ne mai zaman kansa, da nasa hali. Ka shuka ƙwaya goma daga tuffa guda mai zaƙi, za ka sami bishiya goma da babu mai kama da wata, kuma akasarinsu ƙanana ne masu tsami ko bauri, waɗanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Kana iya tambaya, to yaya aka yi koriyar nan mai ɗan tsami da ake tallarta a kan titunan Kano take zuwa iri ɗaya kowace shekara? Sunanta Granny Smith. Wata tsohuwa ce mai suna Maria Ann Smith ta tsinci bishiyar ta fito da kanta a gonarta kusa da Sidni ta ƙasar Ostareliya, wajen 1868. Duk wata bishiyar Granny Smith da ke duniya yau, har da na Afirka ta Kudu inda ake yi mana lodin yawancin tuffar da muke ci, reshe ne na wannan bishiya guda, ana yanka ana aurawa a kan gindin wata, hannu zuwa hannu, fiye da shekara 150. Abin da muke yi wa mangwaro ke nan mu ce mai aure. Irin tuffa a reshe yake tafiya, ba a ƙwaya ba.

Ita wadda ka gani a bidiyo, ƙanwarka ta karanta mini sunan, Cosmic Crisp, kuma na san labarinta. Wani masani mai suna Bruce Barritt na Jami'ar Jihar Washintan a Amurka ne ya haɗa iyayenta a 1997. Ɗaya sunanta Honeycrisp, wadda Jami'ar Minesota ta fitar a 1991, an san ta da ƙaras-ƙaras a baki da yawan ruwa. Ɗayar kuma Enterprise, mai jan launi da juriyar cuta da daɗewa a ajiye. So yake ya sami ɗa da zai ɗauko alherin kowanne ya bar aibinsa.

Yadda ake wannan haɗi kuwa, aikin mai dafa dutse ne. In fure ya kusa buɗewa, sai a bi shi ɗaya bayan ɗaya a shafa masa garin bishiyar da aka zaɓa ta zama uba, da ɗan buroshi ko da kan yatsa, a kuma tsare shi don kada zuma ta kawo nata ta ɓata lissafi. Ka taɓa ganin masu dabino a wajen Dutse sun hau sun saƙa zaren furen namiji a cikin na mace, to kusan haka ne, sai dai su 'ya'yan da za su ci suke nema, shi kuwa ƙwayar ciki yake nema. A tara ƙwayoyin a shuka dubbai. A jira shekaru su yi 'ya'ya. Sannan a bi layi ana gutsura ana tofarwa, wannan ta yi tsami, wannan ta yi laushi kamar dafaffen dankali, wannan tana da daɗi amma cuta ta kama ganyenta, wannan kuma komai ya yi sai dai ba ta kwana. Duk a sassare su. 'Yan kaɗan da suka tsira a yanki rassansu a aura, a kai gonaki dabam-dabam a sake gwadawa, a zuba 'ya'yan a ɗakin sanyi a riƙa duba su wata bayan wata. Wadda ka gani ta daɗe ba ta da ko suna, lamba kawai ake kiran ta da ita, WA 38. Sai a 2017 manoma suka fara karɓar dashenta, kuma ba ta shiga kasuwa ba sai Disambar 2019. Ka lissafa, shekara 22 ke nan. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka haɗa furen ya isa ajiye iyali kafin a sayar da kwalin farko. Shi kansa wanda ya fara aikin ya yi ritaya a tsakani, wata masaniya mai suna Kate Evans ta ƙarasa.

Abin da suka samu ya cancanci wahalar, ban raina ba. Tana da girma, ga zaƙi da ɗan tsami sun daidaita, in an yanka ta ba ta saurin yin baƙi, kuma a ɗakin sanyi takan yi watanni da yawa, har kusan shekara, ba ta saki ba. Ɗigon farin nan da ya yi kama da taurari a jan fata shi ya jawo mata sunanta. Amma ga abin da ba a faɗa a bidiyo ba: iri ne mai rajista, jami'ar ce ke da haƙƙinsa, kuma a Amurkar ma da farko manoman jihar Washintan kaɗai aka yarje wa su dasa shi. To ka zauna ka yi tunani, ta wace hanya guda hamsin suka biyo har suka iso hannun mutuminka a cikin baƙar leda? Ban ce maƙaryaci ne ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Amma ciniki irin wannan shi ake kira cinikin biri a sama.

Mu ɗauka ma gaskiya ne, ita ce ɗin. Sai kuskurena na biyu ya tare ka, wato maganar sanyi. Asalin tuffa daga duwatsun Tiyan Shan take, a Kazakistan, inda har yau akwai dazukanta na daji kusa da birnin Almati. Itace ne mai barci. In sanyi ya shigo sai ta zubar da ganye ta kwanta, kuma Allah ya sa mata wani lissafi a cikin idanun reshenta: ba za su farka su yi fure yadda ya kamata ba sai sun tara sa'o'i masu yawa na sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7. Yawancin sanannun iri suna neman sa'a 800 zuwa 1,000, wasu ma fiye. Mu kuwa hunturunmu, wanda yake sa mu kwana da garwashi a ɗaki, ƙafa ta yi kaushi, yara su riƙa gudun wanka, da ƙyar yake leƙa kusa da nan, shi ma na ɗan lokaci kafin fitowar rana. Wurin tuffa wannan ba sanyi ba ne. Sai ta zauna ba barci ba farke, ido ɗaya ya buɗe yau, wani sai bayan wata guda, wani ya ƙi buɗewa sam. Kafin ta gama wannan magagi, zafin Afrilu mai haura digiri 40 ya sauko mata. Abin da ya sami tawa ke nan a bayan ɗaki.

Gaskiya akwai irin da aka fitar don ƙasashe masu ɗumi. Akwai Anna, wadda aka samar a Isra'ila, sa'a 200 zuwa 300 sun ishe ta, da Dorsett Golden da ta fito daga tsibiran Bahamas, kuma akan dasa su tare don su ba juna gari. A Najeriya inda ake jarraba tuffa har a ga 'ya'ya shi ne kan tudu, kamar Jos da Mambila. A garin Batu na tsibirin Jaba a Indunisiya, manoma da hannu suke tsige ganyen bishiyar kaf bayan girbi, su yaudare ta ta ɗauka sanyi ya zo ya wuce, ta sake fure. Dabara ce mai ban sha'awa, amma su ma a kan dutse suke, inda iska ke da sanyi. In ranka ya nace, nemi Anna biyu da abokiyar zamanta ɗaya, masu aure na gaskiya, ka dasa inda inuwa ke sauka da la'asar, ka ɗauke su a matsayin karatu. Kuɗin kaza ne wannan. Kuɗin rago kuwa, zo in nuna maka inda za ka kai shi.

Ka san magaryar nan da ke kan iyakar gonarku ta tudu, wadda kuke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona, ta kuma sake fitowa kamar ba a yi ba? Ita nake nufi. Daga duwatsun Roni zuwa gonakin Gwiwa, har yashin Babura, babu inda ba ta tsira. Ba mai ba ta ruwa, ba mai zuba mata taki. Saiwarta tana nutsawa can ƙasa ta nemo danshi a lokacin da ciyawa ta zama toka. Da ƙayarta muke shinge, awaki su ci ganyen, yara su tsinci 'ya'yan a hanyar makaranta su cika aljihu. Da ganyenta ake wanke mu ranar da aka gama da mu, kuma malamai in suna karatun Mi'iraji sunanta suke ambata, Magaryar Tuƙewa. Can arewa da Babura, in ka tsallaka Nijar, akwai gari guda mai amsa sunanta. Duk da haka ba wanda yake kallonta a matsayin itacen lambu, domin 'ya'yan nata ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka yawa.

To wannan magaryar dai, ita ce a Indiya, ba wata ba. Sai dai su sun daɗe suna zaɓe, in sun ga mai manyan 'ya'ya su yanki reshenta su aura, har suka fitar da iri masu suna: Gola, Umran, Kaithli, da wata da suke kira Seb, wanda a harshensu ma'anarsa tuffa. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki sosai wajen yaɗa su a ƙasashenmu, musamman zamanin wani farfesa ɗan Isra'ila, Dov Pasternak, wanda ya zo can a 2001. Suna ɗaukar reshen ta Indiya su aura a kan gindin tamu ta daji. Da Faransanci ake kiran ta Pomme du Sahel, wato tuffar Sahel. Har a fako, ƙasar da ta mutu ta yi tauri, ƙungiyoyin mata a Nijar sun haƙa ramukan nan masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, sun dasa ta tare da zogale da kuɓewa, ta kuma kama.

Na ci ta, don haka ba ji nake gaya maka ba. Girmanta ya kai kusan ninki goma na tamu. Gola kewayayya ce, tana nuna da wuri, daga kore ta koma ruwan ɗorawa. Umran ta fi ta tsawo da girma, tana zuwa a baya, ta kuma fi jure ɗauka da saukewa. In ka gartsa za ka ji ƙaras, cikinta fari, da zaƙi da ɗan tsami can ƙarshe. Sinadarin bitamin C da ke cikinta ya ninka na tuffa sau da yawa. Tana fure a ƙarshen damina, ta nuna da sanyi, lokacin da mangwaro bai shigo ba. Kuma mai aure ba ta sa ka dogon jira, a shekara ta farko ko ta biyu za ka ga 'ya'ya.

Kada in yi maka irin tallar da nake hana ka saurare. Ba tuffa ba ce, kuma wanda ya saba da ta kanti zai gane bambanci. Ba ta ajiyuwa, in ka tsinke ta kwanaki kaɗan gare ka kafin ta yi laushi ta canza ƙamshi. Akwai wani ƙuda da ke huda ta ya saka ƙwai, ka ɓare ka tarar da tsutsa, shi ya sa ba a barin waɗanda suka faɗi su ruɓe a gindi, tsincewa ake yi a binne. Tsuntsaye ma suna da rabonsu. Sannan mutanenmu ba su san ta ba, ranar farko da ka kai kasuwa sai ka yanka ka ba mutane kyauta sun ɗanɗana, wani ma ya yi maka dariya ya ce yaushe magarya ta zama abin sayarwa a faranti. In ta sami ban ruwa kaɗan lokacin da 'ya'yan ke girma ta fi cika, kuma a nan fadamarka za ta yi maka rana.

Auren kansa ba wuya gare shi ba, hannu ne yake son sabo. Ka nemi tohon magarya mai kaurin fensir, miƙaƙƙe, mai lafiya. In tsohon kututture ne, ka sare shi da bazara, ya fito da sabbin toho, ka zaɓi mai ƙarfi ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne gab da faɗuwar damina ko farkonta, sa'ad da ruwa ke gudu a jikin itace, ɓawo yana saɓuwa ba gardama. Da sassafe ake yi ko da yamma liƙis. Reshen da za ka aura ya zama kaurinsu ɗaya, mai ido biyu ko uku, ka cire ganye da ƙaya, ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma tun daga inda aka yanko shi. Ka datse na gida kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka tsaga kansa tsawon gaɓar yatsa. Ka fiƙe gindin baƙon ta gefe biyu kamar bakin gatari, da sabuwar reza, shafa ɗaya kowane gefe, kada ka yi ta sassaƙa, kada kuma yatsanka ya taɓa wurin. Ka zura shi a tsagar. Duk sirrin yana wuri ɗaya: koren nan mai damshi da ke ƙarƙashin ɓawo, na baƙo ya haɗu da na gida, ko da ta gefe guda ne. Sai ka yanki leda siririya ka naɗe tam daga ƙasa zuwa sama, ka kifa wata a kai don kada iska ta busar da shi. Ƙaya za ta soke ka, wannan kam sadaki ne, ba a yafe shi. Bayan mako biyu zuwa uku, in Allah ya yarda, za ka ga idon ya kumbura ya fashe da ɗan kore.

Daga nan ne aikin yake, kuma a nan na taɓa faɗuwa. Na aura guda shida, huɗu suka kama, sai tafiya ta same ni na yi wata biyu ba na gida. Da na dawo na tarar da su sun yi kore shar, sun fi ƙarfin ƙuguna, na yi ta murna ina kiran maƙwabta su zo su gani. Da sanyi ya zo suka yi 'ya'ya, sai ga 'yan ƙananan nan da muka sani tun muna yara. Na durƙusa na buɗa ƙayar, sai na ga baƙon reshen can ciki ya bushe ƙayau da ledarsa a wuya. Gindin ne ya fito da nasa 'ya'yan ta ƙasan ɗaurin, suka shanye ruwan, suka bar amarya da yunwa. Tun daga ranar na koyi zagayawa duk mako ina murje duk wani toho da ya fito ƙasa da tabon aure, tun yana ɗan mitsitsi. Ka kuma sassauta ledar in reshe ya fara kauri, ka kafa masa sanda saboda iskar farkon damina, ka yi masa shingen da akuya ba za ta zura kai ba. In ta girma kuma, kowace bazara bayan an gama tsinka a yi mata aski sosai, domin a sabon reshe take haihuwa. Ganyen da ka sauke na ragunanka ne, ƙayar kuma ta koma shinge.

Saura inda za ka samo reshen. Ka yi tambaya a ofishin ICRISAT da ke Kano, da wurin ma'aikatan gandun daji, da kuma 'yan'uwanmu masu zirga-zirga ta Magarya da Damagaram. Ko wane ne ya kawo maka, magarya ce ko mangwaro ko tuffar ma, tambaya uku za ka yi masa cikin ladabi: mene ne sunan irin, ina uwar da aka yanko shi, kuma zan iya zuwa in gan ta da 'ya'ya a jikinta? In dashe ne a leda, ka sunkuya ka duba ƙasan kara, mai aure yana da tabo da ɗan karkata a inda aka haɗa. In ka ga kara santal daga ƙasa har sama, daga ƙwaya aka tayar da shi, ka yi masa godiya ka wuce.

Jiya da yamma na bi ta gonar taku ta tudu, na ƙirga kututturen magarya goma sha ɗaya a kan iyakar gabas, bakwai daga ciki suna da kyau. Na ɗaura wa kowanne jan tsumma, ka gaya wa masu sharar gona kada su sa musu wuta. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo da sabuwar reza guda biyu da ledar burodi, mu fara gwada hannunka a kan rassan da ke bayan gidana, ka ɓata ashirin ko talatin kafin na gaske su iso. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya yi amfani.